FCDA da Ginin Abuja: Wa Aka Zana wa Taswirar Nan?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau tarihi za mu shiga, amma tarihin da yake taɓa kuɗin hayar da kake biya da awannin da kake ɓatawa a gosulo. Za mu yi magana ne a kan hukumomin da gwamnati ke kafawa ta danƙa musu tsara birane da raya su. Yawancinmu ba ma jin sunansu sai ranar da aka wayi gari da jan fenti a bangon shago, ko aka ji katafila ta shigo unguwa. Alhali aikinsu ya fara tun kafin a aza bulo na farko: su ke yanke inda titi zai bi, inda za a yi kasuwa, inda talaka zai kwana. Misali mafi girma da muke da shi a ƙasar nan shi ne Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, wato FCDA, wadda ta gina Abuja. Ita za mu bi tun daga haihuwarta.

Kafin nan, ku sani irin wannan hukuma tsohuwar aba ce a Najeriya. A 1924 annoba ta ɓarke a Legas, irin wadda ɓeraye ke yaɗawa. A 1928 Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar raya Legas, LEDB, suka ba ta ikon rushe unguwannin da suka cunkushe. A 1955 hukumar ta fara share tsakiyar tsibirin Legas, aka kwashe mutane zuwa Surulere, nesa da kasuwannin da suke cin abinci a ciki. Ku riƙe wannan a zuciya, domin salon da aka fara da shi ke nan: hukuma ta zana, hukuma ta rushe, mazauna su ji labari daga baya.

To, mu dawo 1975. An gama yaƙin basasa shekara biyar da suka wuce, kuɗin man fetur na shigowa kamar ruwan sama, ita kuma Legas ta cika ta batse. Ita ce hedikwatar tarayya, ita ce hedikwatar jihar Legas, ita ce babbar tashar jiragen ruwa. A shekarar ne ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka yi layi a bakin tashar Apapa na tsawon watanni ba su samu wurin sauke kaya ba. Teku da fadama sun tare garin, ba inda zai faɗaɗa cikin sauƙi. Janar Murtala Muhammad ya hau mulki a ƙarshen watan Yuli, a watan Agusta ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, cikinsu har da Dakta Tai Solarin, ya ce su duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. A watan Disamba suka miƙa rahoto: a tashi daga Legas, a koma tsakiyar ƙasa, wurin da babu ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku da zai buga ƙirji ya ce nasa ne. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Murtala ya sanar wa 'yan ƙasa. Kwana goma bayan haka, ranar 13 ga wata, aka kashe shi. Bai ga ko harsashin ginin ba.

Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ita ta yanko ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, kuma ita ta haifi FCDA. Mobolaji Ajose-Adeogun ne ya fara jagorantar aikin a matakin kwamishinan tarayya, Alhaji Abubakar Koko kuma shi ne babban sakataren hukumar na farko. Ku dubi irin ikon da dokar ta tara a wuri guda. Duk ƙasar yankin ta koma mallakar gwamnatin tarayya ɗungurungum. Hukumar ce za ta zaɓi inda birnin zai zauna, ita za ta samar da taswira, ita za ta shimfiɗa tituna da ruwa da wuta. Sannan dokar ta ce ba wanda zai yi gini a yankin sai da rubutaccen izininta, wanda ya yi kuma tana da ikon rushewa. Mai zane da mai gini da mai hukunci duk mutum ɗaya ne. An yi haka ne don aiki ya yi sauri, kuma lallai ya yi. Abin da ba a tanada ba shi ne wanda zai tsayar da hukumar ya tambaye ta idan ta kauce.

Shi kansa sunan aro aka yi. Asalin Abuja garin Hausawan Zazzau ne. Lokacin jihadi Sarki Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yi kudu da jama'arsa, bayan rasuwarsa ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka riƙa kiran garin da sunansa. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Masarautar ta ba da suna, ta ba da ƙasa mai yawa, ita kuma aka bar ta a wajen iyaka, cikin jihar Neja.

Kuskuren farko a lissafi aka yi shi. An ɗauka wurin kusan daji ne, mutanen cikinsa 'yan kaɗan, za a kwashe su gaba ɗaya a mayar da su jihohin da ke kewaye, gwamnati ta biya. Sai a 1977 aka tura masana daga Jami'ar Ibadan ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje su yi bincike su ƙirga. Suka tarar da ƙauyuka sama da 800: Gwari waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, da Koro, Gade, Gwandara, Ganagana, Bassa, Ebira, da Hausawa da Fulani da suka daɗe a cikinsu. Mutane ne masu gonakin doya, masu sarautu, masu kaburburan kakanni. Ladi Kwali, mai ginin tukwanen da hotonta ke bayan naira 20, 'yar wannan ƙasa ce. Da aka buga kuɗin diyya sai ya haura naira biliyan ɗaya, a lokacin da naira ta fi dala daraja. A watan Yulin 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya magana: waɗanda ginin birni ya taɓa kai tsaye kaɗai za a tayar, sauran su zauna.

Nan ne aka ƙulla ƙullin da har yau ba a kwance ba. Doka ta ce ƙasar ta gwamnati ce, an kuma ce wa mutane su ci gaba da zama a kanta, ba a biya su ba. Mutanen Wuse an kai su Sabon Wuse a kan hanyar Kaduna. Wasu an kai su Sabon Karu da Sabuwar Nyanya, inda yanzu take jihar Nasarawa. Ita kanta Kubwa an fara ta ne a matsayin matsugunin ƙauyukan da aka tayar daga cikin birni. A 1992 aka ce a'a, a bar ƙauyen Garki a inda yake, a haɗe shi da birni. A 1999 aka sake juyawa aka ce kwashewa za a yi, aka gina gidaje a Jibi, amma kafin mutanen da aka gina dominsu su tare, jami'an tsaro suka shige gidajen. Bayan 2003 aka sake ɗauko sababbin matsugunai irin su Apo da Wasa da Shere-Galuwyi. Ka duba fa, manufa ta sauya sau huɗu cikin shekara talatin. Yaron da aka haifa a ƙauyen Jabi a 1976 ya girma, ya yi aure, ya haihu, bai san ko gidan ubansa halattacce ne a idon hukuma ba.

Yanzu mu zo kan taswirar kanta. A 1977 FCDA ta ɗauko haɗin gwiwar kamfanoni uku na Amurka mai suna International Planning Associates, suka miƙa babbar taswirar birnin a watan Fabrairun 1979. Shahararren mai zanen gine-gine na Japan, Kenzo Tange, shi ya tsara tsakiyar birnin, inda aka ware wuri guda ga fadar shugaban ƙasa da majalisa da kotun ƙoli a gindin dutsen Aso. An tsara birnin kamar jinjirin wata, a kan murabba'in kilomita 250, za a gina shi kashi huɗu. An yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, sannan ya tsaya a sama da miliyan 3 kaɗan idan ya kammala. Kowace unguwa da makarantar firamarenta da ɗakin shan magani da 'yar kasuwarta, yadda yaro zai je makaranta da ƙafa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar an bar shi don lambuna da filayen shan iska da hanyoyin ruwa. An kuma bar wata hanya ta musamman da za ta ratsa birnin don manyan motocin haya, daga baya jirgin ƙasa.

A nan dole a faɗi gaskiya, a yaba wa hukumar. A kashin farko, wato Garki, Wuse, Maitama, Asokoro da tsakiyar birni, an bi ƙa'idar da ba kasafai ake bi ba a garuruwanmu: a fara shimfiɗa titi da bututun ruwa da magudanar ƙarƙashin ƙasa, sannan a raba fuloti. An gina madatsar ruwa ta Usuma don birnin ya sha. Shi ya sa har yau idan aka yi ruwan sama a Maitama titi ke bushewa cikin ɗan lokaci, a wasu manyan garuruwanmu kuwa sai an naɗe wando. Ƙaramar hukuma ba za ta iya wannan ba, ɗan kasuwa ba zai yi ba. Sai hukuma mai kuɗi, mai injiniyoyi, mai hangen shekara hamsin. Duk wanda ya ce a soke irin waɗannan hukumomi bai ga yadda gari ke zama ba idan kowa ya yi gini inda ya ga dama.

To ina aka samu tangarɗa? Abu biyu: gaggawar 'yan siyasa, da mantawa da wanda zai yi ginin. Da farko 1986 aka sa a matsayin shekarar ƙaura. Shugaba Shehu Shagari ya so a yi kafin nan, har ya yi bikin ranar 'yancin kai na 1982 a Abuja, aka yi ta raba kwangiloli cikin sauri. Sojoji suka dawo, farashin mai ya faɗi, aiki ya lafa. Sai yunƙurin juyin mulkin Gideon Orkar na Afrilun 1990, wanda aka kai hari har barikin Dodan a Legas. Bayansa Janar Babangida ya matsa, Abuja ta karɓi taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a watan Yunin 1991, ranar 12 ga Disambar 1991 kuma ya tare. Ma'aikatu suka biyo shi, dubban ma'aikata suka sauka a birnin da kashinsa na farko kawai aka yi nisa da shi.

Su kuma leburori da birkiloli da kafintoci da direbobi da masu sayar da abinci, waɗanda da hannunsu aka ɗaga birnin, an ɗauka za su gama aiki su koma garuruwansu. An yi musu bariki na wucin gadi a Nyanya. Ba su koma ba, don me za su koma alhali abincin na nan? Kuma kowane babban ma'aikaci da ya tare yana buƙatar mai gadi, mai wanki, mai gyaran mota, mai kawo ruwa. Ƙa'idojin gini a cikin birni sun yi tsadar da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ba. Mafita ɗaya ta rage: ka je ƙauyen 'yan asalin wuri, ka sayi ɗan fili a hannun mai unguwa, ka yi ɗaki biyu. Shi mai unguwar gonarsa ta tafi, ba a biya shi ba, abin da ya rage masa ke nan ya sayar. Haka Karmo da Idu da Mpape da Gwagwa da Chika suka cika. A takarda duk haramtattu ne. A zahiri su ne ɗakin kwanan birnin.

Ta sama kuma wata ɓarnar ake yi. Tunda sa hannun minista ne ke ba da fili, fuloti a Abuja ya zama abin yi wa aboki alheri. Wanda ya samu takarda da kuɗi kaɗan sai ya sayar da ninkin ba ninkin, ko ya kewaye ya bar ciyawa na girma yana jiran farashi ya tashi. Aka riƙa yanka filayen lambu ana mayar da su gidaje, aka yi gini a kan bututun ruwa da magudana, aka ba mutum biyu ko uku fuloti guda. Wannan ba aikin lebura ba ne, ai lebura bai san ƙofar ofishin filaye ba.

A 2003 Malam Nasiru El-Rufai ya zama minista da alƙawarin dawo da taswira. Ya kafa AGIS, aka sa bayanan filaye cikin kwamfuta, aka ce kowa ya sabunta takardar shaidar mallakarsa. A ƙarshen 2004 aka soke ma'aikatar birnin tarayya aka kafa FCTA, FCDA ta koma ƙarƙashinta. A 2006 aka hana acaɓa a cikin birni. Katafila ta taɓa gine-ginen wasu manya, kuma wannan ya ba shi suna. Amma nauyin rusau a kan talaka ya sauka. Ƙungiyoyin kare haƙƙin matsuguni guda biyu, COHRE da SERAC, sun fitar da rahoto a 2008 inda suka ƙiyasta cewa sama da mutum 800,000 aka raba da muhallansu tsakanin 2003 da 2007. Masu goyon baya suna cewa ba don haka ba da Abuja ta zama wata Legas. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai tambayar da ba a amsa ba ita ce, ina mutanen suka tafi? Ba su ɓace ba. Sun ƙara gaba ne kawai.

Sun tafi Mararaba, Ado, Masaka a jihar Nasarawa, sun tafi Suleja da Madalla a jihar Neja. A nan ne darasin tsara yanki yake. Ikon FCDA yana ƙarewa a kan iyaka, shi kuwa birni bai san iyaka ba. Mutum yana aiki a Wuse, yana kwana a Masaka. Abuja ke morar ƙarfinsa, Nasarawa ke ɗauke da nauyin ruwansa da sharar gidansa da makarantar 'ya'yansa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Nyanya da asuba ya san farashin wannan. Ita kuma hanyar sufurin jama'a da taswirar 1979 ta tanada a tsakiyar unguwanni, ba a gina ta yadda aka tsara ba. Jirgin ƙasan cikin birni sai a Yulin 2018 aka buɗe shi, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka sake buɗe shi a Mayun 2024. Yana zuwa filin jirgin sama da Kubwa, bai kai Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson ya fi tsanani.

Me ya sa irin wannan ke ɗaukar shekaru ba a gyara ba? Ku buɗe kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 297 ya ce duk ƙasar birnin tarayya ta gwamnatin tarayya ce. Sashe na 299 ya ce a ɗauki yankin kamar jiha, amma Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce majalisarsa, shugaban ƙasa ne a matsayin gwamnansa, shi kuma yana wakilta minista. Ƙidayar 2006 ta ba yankin mutum miliyan 1.4, yau sun ninka haka. Suna zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi shida, da sanata ɗaya, da 'yan majalisar wakilai biyu. Amma wanda ke riƙe da filaye da katafila, ba su suka zaɓe shi ba, ba kuma za su iya cire shi ba. Su kuwa 'yan asalin wurin sai da suka je kotu, a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce suna da haƙƙin kujerar minista, sai a 2023 aka naɗa Zephaniah Jisalo. Shekara 47 bayan an karɓi ƙasarsu. Hukumar da sama kawai take kallo idan za ta ba da bahasi, abin da na sama ke gani shi za ta gyara: titin filin jirgi, fitilun tsakiyar gari. Rijiyar burtsatsen Karmo ba ta cikin lissafi.

Wani zai ce ni a Kano nake, ko a Kaduna, ina ruwana da FCDA? Ruwanka ya yi tsaki kuwa. Kano na da KNUPDA, Kaduna na da KASUPDA, kusan kowace jiha na da tata, kuma yanayin ikonsu ɗaya ne: izinin gini, tsara sababbin unguwanni, rusau. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birane a hannun gwamna. Akwai dokar tsara birane ta 1992 da ta tanadi a baje daftarin taswira a bainar jama'a, mutane su kawo ƙorafi kafin a amince da ita. A 2003 kotun ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka kowace jiha dokarta ce ke aiki. Ma'ana, majalisar jiharku ce ke da wuƙa da nama wajen tilasta wa hukuma ta saurare ku, kuma ɗan majalisar nan ku kuka zaɓe shi.

Matsalarmu matasa ita ce ranar rusau muke farkawa. A ɗauki bidiyo, a yi kwana uku ana zagi a Facebook, shi ke nan. Alhali an yanke hukuncin tun shekaru da suka wuce, ranar da aka zana layi a kan takarda ba wanda ya tambaya. Ga tambayoyin da tarihin Abuja ya koya mana mu riƙa yi tun da wuri. Idan aka ce za a buɗe sabuwar unguwa, an ƙirga mutanen da ke wurin, an biya su kafin a fara? A cikin fulotan nawa ne malamin firamare zai iya saya? An kawo titi da ruwa da magudana, ko takarda kawai za a raba? Filin makaranta da maƙabarta da filin ƙwallon da ke cikin zanen, wa ke gadinsu kada a yanka? Sannan ina za a je a ga taswirar da ido? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takarda. Ƙungiyar matasan unguwa za ta iya rubuta wannan wasiƙa da shafi ɗaya. Masu karatun tsara birane da safiyo a jami'o'inmu kuma, ku ne ya kamata ku fassara wa iyayenmu abin da layukan nan ke nufi.

Wanda zai sayi fili kuma, don Allah kafin ka biya ka je ofishin filaye ka bincika ko wurin na cikin tsari. Takardar mai unguwa ba ta tsayar da katafila.

A nan za mu dakata. Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku, kun taɓa ganin taswirar unguwarku? Wa ya nuna muku? Ku tura wa wanda kuka san yana shirin sayen fili. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.